Zuciyar Kifi a Matsayin Shaidar Gurɓatar Ruwa: Waiwaye a kan Kogunan Challawa da Jakara

Gabatarwa

Wannan muƙala ta nazarci yadda bugun zuciyar dabba zai iya zama ma'aunin lafiyar ruwa a rukunonin masana'antu na Kano. Gurɓataccen ruwan Sharada da Challawa yana gangarawa kogin Challawa, na Bompai kuwa yana bi ta Getsi ya shiga Jakara har madatsar Wasai. Masana'antun jima suna amfani da sinadarin kuromiyam, kuma da wannan ruwa ake noman rani da su.

Yadda Na'urar Take Aiki

A duk bugu, tsokar zuciya tana fitar da ɗan ƙaramin lantarki. Willem Einthoven na ƙasar Holan ya inganta hanyar auna shi, har ya sami kyautar Nobel a 1924. A jikin kifi, akan ba shi maganin sa barci, a tsaga cikinsa kaɗan, a dasa na'ura mai ƙananan ƙarafa kusa da zuciya, sannan a ɗinke. Waɗannan ƙarafa, waɗanda muƙalar ta kira tsinken lantarki, su ke ɗaukar bugun, na'urar kuma ta adana shi kifin yana yawonsa. Kamfanin Star-Oddi na ƙasar Aisilan yana ƙera irinta.

Muhimmancinta ga Kano

Ɗiban ruwa a kwalba domin gwaji yana nuna halin ruwan ne a lokacin da aka ɗiba kawai, alhali ana iya sako dauɗa da tsakar dare. Kifi kuwa ba ya barin ruwa. Yawancin kifaye sukan rage bugun zuciya idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, kuma dauɗar jima tana cinye wannan iska. Birnin Santa Fitasbag na Rasha yana lura da ruwan kogin Neba ta hanyar bugun zuciyar wasu halittun ruwa dangin ƙaguwa, kodayake a bayansu ake manna na'urar.

Kammalawa

Ya dace a jarraba dabarar a jikin tarwaɗa da karfasa. Sai dai masunta da manoman rani, waɗanda abin ya fi shafa, da Hausa za su ji sakamakon. Samar da daidaitattun kalmomin wannan fanni nauyi ne a wuyan manazarta Hausa, domin rigakafi ya fi magani.