Ƙurar Hunturu da Hikimar Mahalicci

Kafin a shiga wannan darasi, yana da kyau iyali su karanta Zabura 8 da Kolosiyawa 1:15-17 tare.

Gabatarwa

A lokutan tsanani, sa'ad da tsadar abinci, rashin aiki da tashin hankali suka addabi jama'a, mai bi yakan ji kamar shi ba kome ba ne, kuma wahalarsa ba ta dami kowa ba. Wannan tunani ne ke haifar da fid da zuciya. Amma halitta kanta tana koyar da cewa babu abin da Allah ya yi da ke zaune shi kaɗai. Kowane abu yana rataye da wani.

Ƙurar da ke ciyar da daji

Daga wajen watan Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu takan kawo hazo, leɓuna su tsattsage, yara su yi ta tari, uwaye su gaji da share-share. Kaso mai yawa na wannan ƙura yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin ƙasar Chadi, inda a zamanin dā akwai wani ƙaton tafki da ya ƙafe. Ragowar ƙananan halittun da suka rayu a cikin ruwan ne suka zama farar ƙasa mai laushi da iska ke kwasa.

A shekarar 2015, masana na hukumar NASA ta Amurka suka bayyana abin da suka auna da tauraron ɗan'adam. A kowace shekara, kimanin tan miliyan 182 na ƙura ke barin hamadar Sahara ta nufi Tekun Atlantika, kuma wajen tan miliyan 27 daga ciki na sauka a yankin dajin Amazon da ke Kudancin Amurka. Wannan ƙura tana ɗauke da kimanin tan 22,000 na fosfaras, wato ɗaya daga cikin sinadarai uku da ke cikin takin NPK da manoma suka sani. Ruwan sama mai yawa yana wanke wannan sinadari daga ƙasar dajin, ƙurar hamada kuwa tana mayar da kusan abin da aka rasa. Ashe wurin da ake gani kamar matacce yana taimakon daji mafi girma irinsa a duniya.

Rana, tsuntsu da kogi

Tsakanin rana da duniya akwai nisan kilomita kusan miliyan 150, haskenta kuma yakan yi minti 8 da 'yan daƙiƙu kafin ya iso. Da wannan haske ne ganyen masara, acca da doya ke haɗa abinci. Saboda haka kowace lomar tuwo tana da alaƙa da abin da ke can nesa a sararin sama.

Shamuwa takan zo gab da damina ta yi sheƙa, idan rani ya kama sai ta koma gabashi da kudancin Afirka. Kogin Binuwai yana tasowa daga ƙasar Kamaru, ya bi ta Yola da Makurdi, ya sadu da kogin Kwara a Lokoja. A shekarun 2012 da 2022, ruwan sama mai yawa tare da sakin ruwa daga madatsar Lagdo sun jawo ambaliya da ta cinye gidaje da gonaki a jihohi da dama. Haɗin halitta yana kawo albarka, yana kuma kawo nawaya.

Abin da mai bi zai koya

Na farko, tawali'u. Ranar 24 ga Disamba 1968, 'yan sama jannati uku na kumbon Apollo 8 suna kewaya wata, suka hango duniya 'yar ƙarama a cikin duhu, ba a ganin iyakar ƙasa ko ta kabila. A wannan rana suka karanta wa duniya ayoyi goma na farko na Littafin Farawa. Dauda ma da ya dubi taurari ya yi mamakin yadda Allah ke kula da ɗan'adam. Wanda ya tuna da girman halitta ba zai ɗauki rikicin iyakar gona a matsayin abin da zai raba shi da ɗan'uwansa har abada ba.

Na biyu, bege. Mai tari saboda hazo ba ya ganin itacen da ƙurar ke ciyarwa a hayin teku. Haka nan mai bi ba ya ganin dukan abin da Allah ke yi ta wurin wahalarsa. Manzo Bulus ya koya wa Kolosiyawa cewa Almasihu ne ke riƙe da dukan abubuwa tare. Wannan ba ya nufin wahala ba ta da zafi, amma yana nufin ba ta fi ƙarfin Mai riƙon ba.

Na uku, manufa. Allah ya sa mutum a gonar Aidan domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Wanda ya zuba leda a magudanar ruwa ya aika wa maƙwabcinsa ambaliya. Wanda ya sare itace domin gawayi bai dasa wani ba ya rage wa jikokinsa inuwa. Haka kuma malamar makarantar Lahadi, da gwauruwar da ke addu'a a ɓoye, da manomin da ke auna hatsi da mudun gaskiya, aikinsu yana kaiwa inda idonsu ba zai taɓa gani ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Hannuwa nawa ne abincin daren yau ya bi kafin ya iso gidan nan?
2. Wane hali ne na wannan iyali ke taɓa maƙwabta, ko da alheri ko da cuta?
3. Wane mutum ne a ikilisiya yake jin an manta da shi, wa kuma zai ziyarce shi a wannan mako?

Iyali su rufe da addu'ar godiya ga Mahalicci, su kuma roƙa wa waɗanda ambaliya ko fari ya shafa ta'aziyya da taimako.