Hukuncin Majistare Ba Shi Ne Ƙarshen Shari'ar Yaro Ba

A aikin lauya, babu abin da ke ƙona min rai kamar uban da zai zo bayan watanni da ɗaure ɗansa, ya ce, "Barista, ai mun rungumi ƙaddara." Tawakkali gaskiya ne, amma doka ta bar ƙofa a buɗe. Ana ɗaukaka ƙara daga kotun majistare zuwa Babbar Kotun Jiha cikin kwana 30, daga Babbar Kotu kuma zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara cikin kwana 90. In wa'adi ya wuce, sai an roƙi ƙarin lokaci tare da kawo hujjar jinkiri, yaro kuwa yana can a tsare.

Yawanci matsalar daga shekaru take farawa. Yaro ɗan 15 ya yi tsayi, gashin baki ya fara tsiro, sai a rubuta 19 a takardar 'yan sanda. A karanta masa tuhuma, ya gyaɗa kai don tsoro, ba lauya a gefensa, a rubuta ya amsa laifi. Alhali Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, sashe na 221 kuma ya hana a kai shi kurkuku, ko a yi masa bulala, ko a yanke masa hukuncin kisa. Kaduna ta yi tata dokar a 2018, Kano a 2023. Don haka iyaye, ku nemo takardar haihuwa, ko katin rigakafi, ko rajistar makarantar firamare. Wanda ba shi da kuɗin lauya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a kyauta take yi.

Ban manta da wanda aka zalunta ba. Misali, wanda aka fasa wa shago, jarinsa yake so ya dawo, zaman yaro a gidan horo na Kakuri ba zai mayar masa da ko buhun shinkafa ɗaya ba. Kotu na da ikon umartar iyaye su biya diyya, kuma sau da yawa wannan ne ke sa alƙali ya sassauta. Amma ina roƙonku, kada ku damƙa kuɗi hannun wani mai cewa zai kashe magana. A biya da sanin kotu, a rubuta nawa aka bayar, wanda ya karɓa ya sa hannu, ku kuma riƙe kwafinku.