Shimfiɗa Tsari Kafin Rubuta Wasan Kwaikwayo Na Barkwanci

1.0 Gabatarwa

Ɗalibi mai koyon aikin malanta, musamman a lokacin gwajin koyarwa, yakan tsinci kansa an ɗora masa nauyin shirya wasan kwaikwayo na bikin ƙarshen zango. Da yawa sukan zaɓi barkwanci bisa zaton ya fi sauƙi, alhali kuwa ban dariyar da ba ta da tsari kan rikiɗe ta zama shirme ko cin mutunci. Wannan darasi zai bayyana matakan da suka kamata marubuci ya bi kafin ya ɗora alƙalami.

2.0 Matakan Shiri

2.1 Jigo: A taƙaita saƙon wasan cikin jimla ɗaya. Shu'aibu Maƙarfi, a *Jatau Na Kyallu*, ya saka raha, amma manufarsa ita ce jan kunne game da auren da aka yi bisa ruɗi. Ke nan dariya abin hawa ce, jigo shi ne kayan da ta ɗauko.

2.2 Masu kallo: Wasan da za a nuna a wata makaranta ta Gwaram, gaban iyaye manoma da dattawa, dole ya ɗauko zancensa daga gona da kasuwa da zaure. Barkwancin taubasai, ko na jika da kaka, ko na Fulani da Barebari, al'ada ta amince da shi. Ba'a ga naƙasa ko addini kuwa a guje ta.

2.3 Tushen dariya: A tantance ko daga hali za ta fito, ko daga rashin fahimta, ko daga harshe. Usman Baba Pategi ya gina *Samanja* a kan Hausar barikin soja, wadda ta dace da halin tauraron.

2.4 'Yan wasa: A jera su, kowa da halinsa guda fitacce da abin da yake nema.

2.5 Zubi: A raba labarin kashi-kashi da fitowa-fitowa, a kuma san ƙarshensa tun kafin a fara.

3.0 Misali

Jigo: rowa ba ta da riba. Kashi na ɗaya: maigida ya sayar da riɗinsa a kasuwar Sara, ya ɓoye kuɗin cikin buhun gero don kada iyali su gani. Kashi na biyu: cefane ya gagara, uwargida ta sayar wa maƙwabci buhun. Kashi na uku: yana son buhunsa, amma yana tsoron faɗin dalili, sai ya yi ta ƙara farashi har asirinsa ya tonu gaban mai unguwa. A lura, masu kallo sun san abin da uwargida ba ta sani ba. Nan dariyar take.

4.0 Auna Fahimta

1. Bayyana bambancin barkwanci da cin mutunci.
2. Zaɓi jigo daga rayuwar garinku, ka tsara shi cikin kashi uku.