Faɗakar da Iyaye a Asibiti a Matsayin Hanyar Kare Yara daga Raunuka

1.0 Gabatarwa

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a shekarar 2008 ya nuna cewa kimanin yara 830,000 ke rasa rayukansu duk shekara sakamakon haɗurra. Manyan musabbaban su ne haɗarin hanya da nutsewa a ruwa da ƙuna da faɗuwa da shan guba. Wannan muƙala ta dubi yadda ziyarar asibiti ta yau da kullum za ta taimaka wajen rage wannan asara.

2.0 Tushen Tsarin

A shekarar 1983, Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ƙaddamar da shirin TIPP. Ginshiƙinsa shi ne daidaita nasiha da matakin girman yaro, domin haɗarin da ke fuskantar jariri mai birgima daban yake da na mai rarrafe ko mai tatata. Likita kan gargaɗi iyaye tun kafin yaron ya kai matakin.

3.0 Dacewarsa da Ƙasar Hausa

A Nijeriya, uwa kan kai jaririnta rigakafi bayan haihuwa, sai a mako na 6 da na 10 da na 14, sannan a wata na 9 da na 15. Kowace ziyara dama ce ta isar da darasi guda:

i. Makonnin farko: kada a bar jariri shi kaɗai a kan gado, kuma a gwada zafin ruwan wanka.

ii. Wata na 9: a nisanta mai rarrafe daga murhu da gawayi, musamman da hunturu. Idan ya ƙone, a kwarara ruwa mai sanyi na minti 20, ban da shafa ƙwai ko man goge baki.

iii. Wata na 15: a rufe rijiya da randa, a daina zuba kananzir a kwalbar lemo. Idan yaro ya sha, kada a ɗura masa manja don ya yi amai, domin kananzir na iya shiga huhu. A garzaya da shi asibiti.

4.0 Kammalawa

Cunkoso da ƙarancin ma'aikata na taƙaita lokacin ganawa, kuma sau da yawa maigida ne mai ikon sayen murfin rijiya. Don haka, muƙalar na ba da shawarar a horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su bayar da saƙo ɗaya gajere da Hausa a kowace ziyara, tare da takarda mai hoto da uwa za ta kai wa maigida.