Sarƙa Ba Magani Ba Ce

A Bisharar Markus sura 5 mun karanta labarin mutumin ƙasar Garasinawa wanda yake zaune cikin kaburbura. Mutanen garinsu sun sha ɗaure shi da sarƙa da mari, duk a banza. Ubangiji Yesu kuwa ya tambayi sunansa, ya warkar da shi, ya mai da shi wurin danginsa.

Har yau akwai gidajenmu, har da wasu wuraren addu'a, inda ake ɗaure masu taɓin hankali a turke. Tsoro da kunya ne ke sa mu, ba mugunta ba, amma ƙafar da ke cikin mari ba ta san bambancin ba.

Dokar Nijeriya da ta maye gurbin ta 1958, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2023, ta haramta wannan ɗauri. Ta yarda a kwantar da mutum a asibiti ba da son ransa ba, amma bisa binciken likita, ba don iyali sun gaji ba. In ciwon ya fi ƙarfinmu, akwai asibitocin wannan ciwo, kamar na Barnawa a Kaduna.