Yadda Ake Tantance Awon da Aka Maimaita a Gwajin Gona

A ce malamin gona a Kaugama, cikin masarautar Haɗejiya, ya zaɓi gonaki 10, ya raba kowace gida biyu, ya shuka geron SOSAT a ɗaya, geron gida a ɗayan, ya riƙa auna tsayin shuka bayan kowane mako biyu har sau 5. Alƙaluma 100 ke nan, amma daga fuloti 20 kacal suka fito. Shaidar mutum ɗaya, ko ya maimaita ta sau biyar, ba ta zama ta mutum biyar ba. Wanda ya ɗauki kowane awo a matsayin mai zaman kansa zai samu tabbacin da babu shi, kuma manomi ne zai biya da guminsa. Maganin haka shi ne gaurayayyen tsarin lissafi, wanda Laird da Ware suka shimfiɗa wa irin wannan awo a 1982. Ga yadda ake bi.

Na farko, tsara bayanai a tsaye. Kowane awo da layinsa: lambar gona, lambar fuloti, iri, mako, tsayi.

Na biyu, zana kafin ka lissafa. Kowane fuloti ya samu layinsa a jadawali, ka ga waɗanda suka tashi da ƙarfi da waɗanda suka tsaya.

Na uku, raba dalilai kashi biyu, nan ne zuciyar aikin. Kashi na farko su ne abubuwan da ka tsayar da gangan: iri, mako, da haɗuwarsu, wato ko tazarar da ke tsakanin irin biyu tana buɗewa yayin da damina ke tafiya. Kashi na biyu su ne gonaki da fulotan kansu. Ba don su ka yi gwajin ba, wakilai ne na sauran gonakin yankin. Wata jigawa ce mai rairayi, wata kusa da fadama, wata ta sha takin gargajiya bara. Tsarin yakan ba kowace gona mafarinta, kowane fuloti a cikinta nasa, in da hali har da saurin girmansa.

Na huɗu, kula da kusancin lokaci. Awon mako na 4 ya fi kama da na mako na 6 fiye da na mako na 10. Manhajar R kyauta ce, kuma kunshin nlme da ke cikinta yana iya lissafa wannan dangantaka.

Na biyar, kada ka jefar da fuloti don awo ɗaya ya ɓace. In ruwa ya tare hanya a wani mako, tsarin zai yi aiki da sauran. Amma in shuka ce ta mutu saboda rauninta, rubuta hakan, domin shi ma sakamako ne.

Na shida, duba ragowar da tsarin bai bayyana ba. Shuka na girma, bambanci na ƙaruwa. In ka ga haka, bar kowane mako da nasa faɗin bambanci.

Na ƙarshe, faɗi sakamako da santimita: nawa wannan iri ya ɗara wancan, a wane mako, kuma tsakanin nawa da nawa ake kyautata zaton gaskiyar take. Tsayi kuma ba hatsi ba ne. Kafin a ce wa manomin Kaugama ya sauya iri, sai an auna abin da ya shiga rumbu.