Iska ce ta yaye rufin, ko ƙusa ce ba ta kama ba?

Damina ta kankama, wasiƙunku ma sun bi sahunta, don kusan duk abin da ke gabana yau maganar ruwa ce da iska. Bari mu fara da wani ɗan kasuwa daga Kakuri. Ya ce yana hayar shago, iskar farkon damina ta yaye kwanon rufin da daddare, ruwa ya jiƙa masa buhunan fulawa da sukari. Da ya je wurin mai shagon sai ya ce masa, ai wannan ikon Allah ne, ka yi haƙuri. Tambayarsa ita ce, in ya kai ƙara, wa zai shaida irin iskar da aka yi a daren?

To Alhaji, Allah ya mayar maka da alheri. Komai ikon Allah ne, babu mai jayayya da wannan. Amma abin da alƙali zai bincika daban ne: iskar ta fi ƙarfin duk wani rufi da aka yi shi yadda ya kamata, ko kuwa irin wadda muka saba gani ce duk Afrilu da Mayu, ta tarar da katako ya ruɓe, ƙusa ta yi tsatsa? Kuma akwai masu amsa wannan tambaya. Masana yanayi ne waɗanda aikinsu waiwaye, su koma kan rana kaza da ƙarfe kaza su faɗi abin da sama ta yi a wuri kaza. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 68, ta yarda kotu ta saurari ra'ayin ƙwararre a kan abin da ya shafi kimiyya.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003, tana da tasha a filin jirgin saman Kaduna. Ana rubuta ƙarfin iska da inda ta fito, da yawan ruwan da ya sauka. Milimita ɗaya a ma'aunin ruwa na nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita ta ƙasa. Lauyanka zai iya rubuta wa hukumar ya nemi bayanan wannan dare. Sai dai ya tabbata an ba shi kwafi mai hatimi da sa hannun jami'in da ke riƙe da takardun, domin takardar hukuma ce, kuma in daga kwamfuta aka fitar da ita, sashe na 84 yana da nasa sharuɗɗan. Hoton hasashen yanayi da ka ɗauka a wayarka ba zai tsaya maka ba, don hasashe ne na abin da ake zato, kai kuwa abin da ya auku kake son tabbatarwa.

Amma ka shirya wa abu guda, don lauyan mai shago zai taso da shi. Filin jirgin yana can arewa maso yamma da gari, kai kuma kana kudancin kogi. Duk mazaunin Kaduna ya sani ana iya tafka ruwa a Sabon Tasha mutumin Kawo bai ga ko ɗigo ba. Hadarin farkon damina yakan taso daga gabas, iskarsa ta bi wani siririn layi ta wuce. To a nan ƙwararren yake cin kuɗinsa. Zai haɗa bayanan tashar da hotunan tauraron ɗan'adam da ke nuna inda gajimaren ya bi, sannan ya zo Kakuri da ƙafarsa. Zai duba ina kwanon ya faɗi, wane ɓangare bishiyoyi suka kwanta, shaguna nawa ne a layinku suka rasa rufi. In naka kaɗai ya tashi, na dama da na hagu suna nan daram, to magana ta fara komawa kan kafinta da mai shago. In kuwa layin gaba ɗaya ya kwashe har da turakun lantarki, Alhaji, gaskiya ƙararka ta yi rauni, gara a zauna a yi sulhu. Kada ka bari a kwashe katakon nan kafin ka ɗauki hotonsa, musamman wurin da ƙusoshin suka fizge, ka kuma nemo takardar yarjejeniyar haya a ga wanda gyaran rufi yake wuyansa.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Barnawa. Ta ce shekara da shekaru ruwa bai taɓa shiga gidanta ba, sai da maƙwabcinta ya ja katanga a kan hanyar ruwa. Shi kuma ya ce ruwan bana ne ya yi yawa.

Hajiya, wannan gardama ta girme mu duka. A Ingila a 1876 an yi shari'ar Nichols da Marsland. Wata mata ce ta tare rafi ta yi tafkuna a filinta, aka yi ruwan da ba a taɓa ganin irinsa ba, tafkunan suka ɓalle suka tafi da gadoji, kotu ta wanke ta. Sai a 1917 aka zo kan hukumar garin Greenock a Sikotland, wadda ta canza hanyar wani rafi ta gina wurin wasan ruwa na yara. Aka yi mamakon ruwa, ya kwarara cikin gari ya yi ɓarna. Kotun ƙoli ta lokacin ta ce wanda ya taɓa hanyar ruwa, wajibi ne aikinsa ya ɗauki ruwan da tsohuwar hanyar za ta iya ɗauka, ta ɗora wa hukumar laifi. Lauyoyinmu suna kafa hujja da irin waɗannan hukunce-hukunce har gobe.

Abin da zai taimake ki shi ne lissafin shekaru. In bayanan NiMet suka nuna an sha yin ruwa kamar na wannan rana, ko ma fiye, a watannin Agusta da Satumba na shekarun baya, gidanki bai jiƙe ba, to me ya canza in ba katangar ba? Za ki buƙaci injiniya kuma ya auna gangaren ƙasar. Ni dai abin yana ci mini rai yadda muke toshe magudanun ruwa da bulo da shara a unguwanninmu, in ɓarna ta zo kowa ya ɗaga kai sama. Ki fara da mai unguwa da hukumar tsara birane kafin kotu, don maƙwabtaka ba abin wasa ba ce.

Wani matashi daga Narayi yana tambaya ko an taɓa amfani da irin wannan bincike a ƙasar nan. Ƙwarai kuwa, ɗan'uwa. Ka tuna jirgin ADC da ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja zuwa Sakkwato ranar 29 ga Oktoba 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya rasu a cikinsa, mutum 96 suka riga mu gidan gaskiya. Masu binciken haɗarin sun bi bayanan yanayi na wannan lokaci, suka gano jirgin ya shiga iska mai juyawa farat ɗaya, suka kuma yi magana a kan shawarar tashi cikin wannan yanayi. Allah ya jiƙansu.

Ta ƙarshe daga wani dillalin mangwaro ce a Gonin Gora. Ya sayi 'ya'yan itace tun suna kan bishiya, ƙanƙara ta zubar da su kafin ya tsinka, mai gona ya ce ciniki ya riga ya faɗa. Malam, malaman Malikiyya sun daɗe da yin magana a kan wannan, yana nan cikin littafin Risala. In annoba daga sama ta cinye sulusin 'ya'yan ko fiye, ana rage wa mai saye kuɗi gwargwadon abin da ya lalace, in bai kai sulusi ba asarar tasa ce. Ka ga ke nan sai an tabbatar da abu biyu, cewa ƙanƙarar ta sauka a wannan gona, da kuma yawan abin da ta zubar. Ƙanƙara kuwa takan sauka a ɗan ƙaramin wuri, ba lalle tashar filin jirgi ta gan ta ba. Don haka manoman da ke maƙwabtaka da gonar, da dillalan da suka san kiyasin bishiya, su ne shaidunka na farko. Ka kai su su gani tun 'ya'yan suna ƙasa, sannan ka tuntuɓi malami ko alƙalin yankinku.

Lokaci ya cimma mana. Sauran wasiƙun, har da ta mai tambaya kan inshorar gona, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.